Tafin da Na Yi Ni Kaɗai

Litinin, 5 ga Mayu

Na faɗa wa Mama a waya: idan na zo hutu ba zan dawo makarantar nan ba. Ta ce in yi haƙuri, sabo ake yi. Wane irin sabo? Tun da na zo babu wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci.

Asabar, 10 ga Mayu

Asabar ce kawai ke riƙe da ni. Da yamma wasu makaɗa na wasa a tsohon ɗakin taro da ke bayan laburare: mai jita, mai sarewa, da wani dattijo mai ganga. Kujerun roba, fanka ɗaya mai ƙugi. Kullum bakin ƙofa nake tsayawa. Wallahi kiɗan waya ba kiɗa ba ne. A nan gangar har cikin haƙarƙarina nake jin ta, ina ganin gumin mai jita yana ɗiga kan igiyoyin.

Talata, 13 ga Mayu

A ajin kimiyyar sararin samaniya malam ya ce an daɗe ana kafa manyan na'urori don sauraren sama, ko akwai wasu halittu a can, amma shiru. Bakina ya kufce, na ce ni dai na yarda suna nan. Taurari rututu haka, a ce mu kaɗai? Haba! Ina ga kowa kasa kunne ya yi, kunya ta hana shi fara magana. Aji ya kwashe da dariya. Abokiyar ɗakina ta laƙaba mini 'Yar Sama Jannati, sannan ta koma kan wayarta.

Asabar, 17 ga Mayu

Na kwafsa. Suna tsakiyar wata sabuwar waƙa sai duk suka ɗauke cak. Na zaci ta ƙare, na zuba tafi raf raf raf. Ni kaɗai! Ashe tsayawar cikin waƙar take, za su ci gaba. Kowa ya waiwayo. Mai ganga ya ƙura mini ido, sandunansa a sama. Ban san lokacin da na kai titi ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Shi ya sa mutanen can sama suka yi gum. Sun fi ni wayo.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban je ba. Na yi wanki, na fara haɗa kaya. Daga wajen shanya ina jiyo gangar sama-sama, na yi kuka kaɗan, na ce sabulu ne ya shiga idona. Babu ma wanda ya tambaya.

Laraba, 28 ga Mayu

A layin shagon buga takardu wani ya ce, "'Yata, ba ke ce mai tafi ba?" Mai ganga ne, riƙe da ledar magani. Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ya ce haƙurin me? Wai bayan na fita sun yi ta musu, mai sarewa ya ce tafin nan ya zauna daidai, dama wurin fanko yake. Ranar Asabar sun bar gurbin, suka jira, ba wanda ya tafa. "Ni har ƙofa na duba," in ji shi.

Asabar, 31 ga Mayu

Na je, wai in ga ko tsokana yake yi. Da suka zo wurin suka ɗauke cak. Baba bai kalli kowa ba sai ƙofa. Na tafa sau uku. Ganga ta amsa mini! Zagaye na biyu wata mata mai ɗauke da jariri ta taya ni, sannan ta janye jakarta daga kujerar kusa da ita. Na zauna.

Alhamis, 5 ga Yuni

Gobe tafiya. Mama ta ce in kwaso komai kada in manta wani abu. 'Yar ɗakinmu ta tambaya yaushe 'Yar Sama Jannati za ta sauko, na ce ban sani ba.

Bargona da bokitina dai na tura su ƙarƙashin gado. Ba wani abu ba ne, nauyi gare su.