Na Ga Gara a Rufin Gidan 'Yata, Na Yi Shiru

Anti mai shafi, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina na kasa faɗa wa kowa, har uwar 'ya'yana.

Ni kafinta ne, shekara talatin da takwas ina wannan sana'a. Gidajen da na yi wa rufi ban san adadinsu ba. Ciwon gwiwa ne ya sa na rage hawa sama, amma idona da hannuna lafiyarsu ƙalau.

Wata biyar da suka wuce 'yata ta fari da mijinta suka sayi wani tsohon gida mai ɗaki huɗu, wanda ya yi shekaru ba kowa a ciki. Tagogi sun ruɓe, filasta tana zubowa, silin ɗin falo ya yi ciki saboda yoyo. Ranar da ta gaya mini, na dawo gida na wasa zarto, na goge kayan aikina, na ce wa uwarta ga aikin da zan rufe sana'a da shi. Na yi ta jira a kira ni. Sati ɗaya, sati uku, shiru.

Ashe har an fara. Kuma wa ke jan aikin? Surukina, mahaifin mijin nata. Bawan Allah nan hedimasta ne da ya yi ritaya, alli ya sani da jan biro. A waya yake kallon yadda ake aiki: ya tsayar da bidiyo, ya buga ƙusa ɗaya, ya koma ya kalla. Kullum yana can tun safe, har da hular kwano ya saya. Jikokina yanzu Kaka Injiniya suke ce masa. 'Yata kuma sai turo hotuna take a zauren iyali na waya, wai ga Baba ya gama fentin kicin, ga Baba ya kafa mana kanta. Kowa na sa albarka. Ni ma ina rubuta madalla, sai in kife wayar. Anti, yarinyar nan a shagona ta yi rarrafe, da guntayen katakona ta yi wasa. Yau wani ne Baban da ake nunawa.

Ba zan ɓoye miki ba, na taɓa yi musu aiki a gidan hayar da suka fara zama. Mijin ya zo zai taya ni, ya riƙe guduma kamar cokali, na ce ya ajiye kada ya ji wa kansa ciwo, ya je ya kawo ruwa. Abokansa suna wurin, suka yi dariya. 'Yata kuma ta so farar durowa, na ce fari ba ya yi da yara, na yi mata ruwan ƙasa. Har gobe durowar tana nan garau. Ni ban ga laifi a nan ba, amma uwar 'ya'yana ta ce in daina mamakin rashin kirana.

Asabar da ta wuce suka gayyace mu ganin gida. Hedimasta ya karɓe ni hannu bibbiyu, yana ta nuna mini ƙofar da ya kafa. Ƙofar tana jan ƙasa. Na faɗa masa a gaban kowa, har na ƙara da cewa a shagona irin wannan aikin cirewa ake yi. Ya yi dariya ya ce ai su 'yan koyo ne. Fuskar 'yata kuwa ta canja.

Na zame na shiga ɗakin baya, wanda za a ba yara. Ba a sa masa silin ba tukuna. Sabo ya sa na ɗaga kai, sai na ga ƙasar gara a jikin babban katakon da ke ɗauke da rufin. Na taka benci na ƙwanƙwasa da makulli, na ji ƙarar holoko. Na danna da ɗan yatsa, ya shige. An shafe wajen da fenti, cikin kuwa gari ne. Sati mai zuwa za su rufe da sabon silin, ƙarshen wata su tare.

Na sauko, na kakkaɓe hannu, ban ce komai ba. A raina na ce bari injiniyan waya ya gano da kansa. Yau kwana shida. Ina so in faɗa, amma na san za a ce hassada ce ke magana, tunda na riga na kushe ƙofa. Kuma gaskiyar magana, so nake su zo da ƙafarsu su ce Baba, zo ka duba mana. Yaya zan yi?

Tsohon Kafinta

AMSA

Baba Kafinta, sannu da ƙoƙarin faɗin gaskiya, ba kowane dattijo ne zai iya ba. Ranar da wasiƙarka ta iso na tura maka saƙo a kan maganar katakon, ba ka amsa ba, don haka zan maimaita a nan. Ka kira 'yarka yau, kafin a rufe silin ɗin. Jikokinka ne za su kwana a ƙarƙashin wannan rufin. Wannan ba ya jiran sulhu, ba ya jiran a zo a roƙe ka. Ko da za a kira ka mai hassada, ka ɗauka.

Sauran kuma, kishinka ba abin kunya ba ne. Uba ya so ya sa hannu a gidan 'yarsa da sana'ar da ya raine ta da ita, aka tsallake shi ba bayani. Ya kamata a ce ta zauna da kai ta gaya maka dalili. Nan ta yi kuskure.

Amma Baba, dalilin yana cikin wasiƙarka. Ka kunyata mijinta a gaban abokansa. Ta nemi fari, ka yanke mata ruwan ƙasa. Durowar ta yi ƙarko, haka ma abin da suka ji a ransu. Ba don Hedimasta ya fi ka iyawa suka ɗauke shi ba, sun san bai fi ka ba. Sun ɗauke shi ne don a wurinsa suna da ikon zaɓe da ikon kuskure a gidan kansu.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka je da mijin 'yarka ɗakin, ku biyu kawai. Ka miƙa masa makullin ya ƙwanƙwasa da hannunsa, ya ji da kunnensa. Ka gaya masa ka gani tun Asabar, ka yi shiru, kuma ba ka kyauta ba. Ka ce a duba sauran katakon duka, a kira masu feshin gara. Sannan ka yi tayin aikin rufin kaɗai, ban da ƙofa, ban da kalar fenti. In sun ba ka, ka sa mai ƙarfin gwiwa ya hau, kai ka tsaya ƙasa kana nuni. In sun zaɓi wani kafinta, ka haɗiye, ka ba su sunan wanda ka yarda da aikinsa.

Hedimasta kuma ka same shi ka ba shi haƙuri. Mutumin da ya kira kansa ɗan koyo a gabanka ba abokin gaba ba ne. In ya tambaye ka yadda ake gyara ƙofar, ka nuna masa, ka bar shi ya yi da hannunsa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara lafiya, ya sa su tare cikin aminci kana cikin masu murna.