Ɗan Inna na Layin Gaba

Tanut, bayan girbi

Zuwa ga Yayana Filemon, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da keken ɗinkinka. Allah ya tsare ka daga zazzaɓin bakin kogi, ya sa albarka a hannunka. Mu nan lafiya lau muke. Hatsi ya shiga rumbu, bai kai na bara ba, amma ba za mu ji kunyar baƙo ba. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa kasuwar dabbobi ya yi gardamar kuɗin raƙuman da ba saye zai yi ba. Akuyar ƙanwarmu Hosana ta haifi biyu, Hosanar tana ta yanga kamar ita ta yi naƙudar.

Saƙonka ya iso, sabuwar talabijin da dekodar, mun gode ƙwarai. Almustafa mai gyaran rediyo ya zo ya haɗa su da batirin panon rana, faifan nan mai tara wuta daga hasken rana. Ka san tun tafiyarka ni ne mai riƙon sandar antan, wato eriyar talabijin. Iska na kaɗawa sai ta juya, ni kuma in tsaya a tsakar gida rungume da ita, su Baba suna ba ni umurni ta taga, wai dama, wai hagu, wai tsaya nan, wai na ɓata. Kokowar ƙasa ta cin takobi ma da kunne nake kallonta. Su na ɗakin ba su fi ni da yawa ba, don hoton tsohuwar talabijin kamar an watsa hatsi a faranti yake, mutane suna yawo a ciki kamar inuwa.

To ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da ka ce ana nuna mawaƙan majami'arku a shirin Lahadi, Inna ta duba cikin inuwoyin nan ta zaɓi wani dogo a layin gaba, mai farar riga, ta ce kai ne. Wai tsawon naka ne, rausayar kuma ta Baba ce lokacin ƙuruciyarsa. Baba ya ce shi gara kawai yake gani, aka ce ya yi shiru. In ta ce maka a waya ta gan ka, kai kuma sai ka ce to, Inna, don ba ka san wa take gani ba. Kowace Lahadi bayan sujada mata sai su cika ɗakin. Har Tata, matar Rissa, mai kawo cuku daga wajen Tenhya, ko da ba addininmu ɗaya ba, ba ta fashi, kuma ita ta baza a kasuwa cewa ɗan Rabeka ne ke jan waƙa a Yamai. Inna tana ɗora yatsa a kan inuwar ta yi addu'a. Da ta ga dogon yana ƙiba sai ta yi godiya, ta ce ashe kana cin abinci.

Lahadin da ta wuce Almustafa ya ɗaure sandar da waya, ni ma na samu tabarma na zauna kamar mutum. Yaya, hoton sabuwar talabijin ɗin nan ba ya da kunya. Har ƙudan da ya sauka a wuyan rigar fasto mun gani. Sai ga ɗan Inna na layin gaba ya fito tar: sanƙo yana ƙyalli, gemu da furfura, ga wushirya da akuya za ta wuce ta ciki. In bai kai shekarun Baba ba, to ya sha nonon shekarar. Hosana ta cusa gefen kallabinta a baki. Tata ta tambaya a hankali ko ruwan Yamai yana tsufar da mutum da wuri haka.

Na dubi fuskar Inna, na ga abin ba na dariya ba ne a wurinta, don duk matan nan gobe suna kasuwa. Sai na sulale waje na murɗa sandar, ko tsohon dishi-dishin zai dawo ya rufa mana asiri. Ashe sabon abin nan bai san rufin asiri ba, ko ya nuna duka ko ya yi baƙi ƙirin. Wannan karon ma sai ya daskare a kan fuskar bawan Allahn, baki buɗe, wushiryar ta cika gilashi. Inna ta leƙo ta taga ta ce in mayar da sandar yadda take in zo in zauna, ita ba ta gama kallo ba.

Da hoton ya dawo, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana bin layi-layi kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Can baya, bayan ginshiƙi, akwai rabin kafaɗa da kunne guda ɗaya, mai ɗan karkata waje. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga ɗana nan. Kunnen nan ni na ja shi har ya tsaya haka." Tata ta matso ta duba da kyau, ta ce ta shaida, don ranar da aka fi jan sa ma cukunta ka gutsura a faifai. Dariya ta ɓarke, Inna ta fi kowa. Yanzu abin da ake faɗi a kasuwa shi ne ɗan Rabeka ba ya son nuna kai. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, in ji Baba, amma wannan ya faɗo a kan yashi.

Saboda haka ga saƙon gida. Inna ta ce Lahadi mai zuwa ka matsa taki ɗaya ka fito daga bayan ginshiƙin nan, ba ta haife ka don gini ya tare ka ba. Baba ya ce in ba wuri, ka juyo da ɗayan kunnen a ga ko yana nan. Ni ma ina roƙo, tunda yanzu a zaune nake kallo. Direban da zai kawo maka takardar nan yana ɗauke da ƙullin cuku biyu. Ɗaya naka ne, ɗaya na mai wushiryar. Inna ta ce addu'ar da aka riga aka aika ba a kiranta ta dawo, kuma ga shi addu'ar ta karɓe shi har ya yi ƙiba, don haka ya zama nata. Ka tambayo mata sunansa dai, ta daina kiransa Filemon a gaban Allah.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Ƙannenka Hosana da Haske suna gaishe ka, haka Rissa da Tata da Almustafa. Ka gai da Kawu David da iyalinsa, ka kuma gai da sabon yayanmu na layin gaba.

Ni ne ƙanenka da ya sauka daga aikin sanda,
Amos