Ni da Shimi

Litinin, 2 ga Maris, 1998
Shimi kuma, darasin sinadarai! Malam Rufa'i ya rubuta H₂ + O₂ → H₂O a allo, ya ce a daidaita. Oksijen biyu a hagu, ɗaya a dama. Na fita da saurina na maƙala ƙaramin 2 a gindin O. Ya ce, "Huseina, kin mai da ruwan sha ruwan wanke ciwo. Kar a bar ki kusa da randa." Aji ya kwashe da dariya, har da Hassana, wai 'yar tagwaicina. Oho. Baɗi ni da ita seri A za mu, adabi. Kalas, shi ke nan.

Alhamis, 5 ga Maris
Ashe ƙaramar lambar ƙasa ba a taɓa ta, in ta sauya abin ma ya sauya. A gaba ake sa babba: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Me ya hana a faɗa tun farko? (An faɗa. Hira nake.)

Asabar, 14 ga Maris
Zafi kamar me. Na baje a tabarma ina daidaita lissafin amoniyak, NH₃. Waɗannan iskokin bibbiyu suke yawo, don haka dabino biyu azot (naitrojen), gyaɗa bibbiyu idrojen. Sai da na jera gyaɗa kashi uku kafin kowane dabino ya samu uku-uku. Ina murna, Kaka Mero ta wuce ta ɗauke dabino ɗaya.
"Kaka, kin cinye mini azot!"
"Azot ɗin nan da zaƙi, ƙaro wani."

Laraba, 1 ga Afrilu
Ilham 'yar ajinmu ta taso tun daga unguwar Klémat wai NI in koya mata.

Talata, 21 ga Afrilu
An raba takardun jarrabawa. A shimi, duk ajinmu Dauda kaɗai ya fi ni. Hassana ta leƙa ta ce, "Ke dai kar ki bar ni." Na ce Allah ya kiyaye.

Talata, 19 ga Mayu
Malam ya tambayi masu son seri C, kimiyya. Hannuna ya tashi. Ina jin miƙa nake yi.
Ni da Hassana muka tako har unguwarmu, Amriguébé. A ƙofar gida ta ce, "Da safe dai tare za mu riƙa fita ko?" Na ce to da wa?
Baba bai sani ba tukuna. Gobe darasin sinadarin klor ne. Ba ɗoki nake ba, na dai riga na gama shafin.