Damtsen Hauwa'u da Ɗamarar Manya

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka kwantar da ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina wahalar jama'a? Allah ya taimake ka.

Ni uwa ce daga Birnin Tudu. A daminar da ta wuce, ɗiyata Hauwa'u, mai shekara shida, ta kwana huɗu da zazzaɓi. Rana ta biyar zafin ya sauka, har na yi hamdala na dama mata kunu. Kafin azahar sai ƙafafunta suka yi sanyi, ta daina kiran sunana. Muka ɗauko ta bisa mashin zuwa wajenku. Daga baya likita ya ce dengi ne, wanda sauro ke kawowa.

Ga kukana.

Na ɗaya: da na'ura mai batir wata matashiyar nas ta auna ƙarfin bugun jininta, da ɗamarar awo irin ta manya. Sai da aka naɗa ta riɓi biyu a damtsenta, tana zamewa har gwiwar hannu. Sau uku ana awo, kowane da lambarsa. Aka rubuta wadda ta fi kyau, aka ce mu jira a benci.

Na biyu: wata dattijuwar nas ce ta zo wucewa, ta taɓa tafin ƙafar yarinyar, ta tsaya. Ta fito da ƙaramar ɗamara daga jakarta, ta matsa iska da hannu, ta saurara da kunnenta. Ta nuna mani lambar sama da ta ƙasa sun kusa haɗewa, alamar jiki na sakewa. Nan take aka sa wa Hauwa'u ƙarin ruwa. Ɗamarar nan tata ce ta kanta, ba ta asibiti ba.

Ban riƙe matashiyar da ta fara awon a zuciya ba. Abin da aka ba ta, da shi ta yi aiki, kuma kullum takan leƙo gadonmu.

Roƙona: a samo ɗamarar yara a ɗakin karɓar marasa lafiya. In na'ura ta ce lafiya, jikin yaro ya ce akasin haka, a sake awo da hannu a gwada biyun. A kuma gode wa dattijuwar nan a gaban abokan aikinta, domin ni kuka ya hana ni.

Hauwa'u ta koma makaranta, ta ce in gaishe ka. Allah ya yi maka jagora, ya raya taka zuri'ar, ya sa kada ka taɓa zaman bencin nan da ɗanka a cinya.

Wassalam.

Mahaifiyar Hauwa'u,
Birnin Tudu, Bakura.