Tabon Gahawar Baba

Daren Laraba, Maradun

Yau na wanke dardumar marigayi Baba, wadda muka tsira da ita sa'ad da ruwan dam ya ci garinmu. Tabon gahawar da ya zubar tun shekarar da ya dawo Makka na jiƙa da lemun tsami, na cuɗa da sabulun salo har ya fita fes.

Inna ta daɗe tana dubanta bisa igiya. Ta ce, "Hajo, ina tabon Malam?"

"Na fid da shi, Inna."

"Ɗiyata, kabarinsa na ƙarƙashin ruwa. Wurin nan nake shafawa in kewa ta taso."

Wallahi don in faranta mata na yi. Ga tuwonta nan rufe, ba ta taɓa ba.