Baba Ya Ce Injin Ne Ya Gaji

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Talata Mafara sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, ƙanwarmu Nusaiba kuma ta sauka lafiya a Bakura, an samu mace.

Na rubuto ne don in ka kira waya Baba ke ɗauka, amsarsa kuwa ɗaya ce, da sauƙi. Tun bayan Sallah yake tsayawa a hanyar kara, kasuwar shanu, yana dafe ƙirji, wai shanu yake kallo. Da ƙyar ni da maigidana Lauwali muka kai shi asibiti Sakkwato. Suka manna masa wayoyi a ƙirji, suka ɗora shi kan wani inji, mutum na tafiya amma ba ya zuwa ko'ina. Likita ya ce da ya ji ciwo ya yi magana, don abin da ake nema ke nan. Sai aka ce namiji ya tsaya kusa ko da zai faɗi, Lauwali ya tsaya, ni ina bakin ƙofa. Nan muka yi kuskure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma yaushe Baba zai ce ya gaji a gaban suruki? Gumi na zuba, leɓe ya yi fari, ana tambayarsa yana cewa a ƙara gudu. Likita ne ya duba allo ya kashe injin da kansa.

Ya ce hanyoyin jinin zuciyar sun tsuke, sai an yi aiki, kuma ban da doguwar tafiya. Baba ya dawo yana gaya wa mahauta wai injin ne ya gaji, ba shi ba. Yau da safe ya bi shanu Maradun. Ni na dama masa fura, ni na miƙa masa sanda. Ban hana shi ba, ban yi kuka ba. Wallahi Yaya ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Kada ka ɗauka bai gane ba. Jiya ya naɗe wuƙaƙensa na fawa, waɗanda ko kai bai taɓa bari ka taɓa ba, ya ce in ajiye maka. Ka zo tun yana iya ba ka da hannunsa.

Inna na gaishe ka. Ka gaida Raliya da su Mufida.

Ƙanwarka,
Lantana