Koriyar Tutar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a ƙasar mutanen da suka ci mu da yaƙi. Tun da suka kwashe kawunan jiragen ƙasa a matsayin diyya, har da kai direban, ko tarago ba su bar mana ba, sai layin dogo da ciyawa. Yarjejeniyar sulhun kuma ta hana mu ɗora inji a kansa. Magani ya yanke a asibitinmu, hatsi na ruɓewa a sito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Kullum sai ya sa kakinsa na shugaban tasha, ya tsaya da tuta yana jiran jirgi, yara na yi masa dariya. Ina tsoron kada hankalinsa ya tafi.

Taka,
Auta

Auta,

Na samu saƙonki, Allah ya yi albarka. Ki ɓoye kakin nan, ki kuma bar maganar jirgi, domin wanda aka kayar ba ya zaɓen inda zai faɗi. Ni ma nan kaina a sunkuye nake tuƙa musu jirginmu. Ki gaishe da Baba.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa, ban ɓoye komai ba, ka san taurin kaina. Inji suka hana, ba su hana hannu ba. Mijina da abokansa masu walda suka tono tsofaffin ƙafafun tarago a bayan tasha, suka ɗora ƙofofin sito a kai, suka yi amalanken da ake turawa a kan layin dogo. Tsofaffin sojoji, da ma zaman banza ya ishe su, suka karɓi turi, kowane ƙauye ya miƙa wa na gaba. Sufeton waɗanda suka ci mu da yaƙi ya zo ya leƙa ƙasa ya leƙa sama yana neman inji, ya tafi yana ƙunƙuni.

Jiya kayan asibiti suka iso. Baba ya gyara hula, ya busa usur, ya ɗaga koriyar tuta, gari ya ɗauki sowa. Na yi kuka, ban ji kunya ba. Shi kuwa sai ya dubi masu turin ya ce, "Kun makara."

Taka,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Na janye maganata. Wa'adina ya kusa cika, ki ce wa Baba direbansa na nan tafe. A ajiye mini wurin turi.

Yayanki